Daga daren wuta zuwa ranar fanke: bukukuwan hunturu a Birtaniya

Ummu Sadiƙ:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka san al'adun mutanen Birtaniya. Ɗalibanmu da yawa suna isa can a watan Satumba, ba su gama sabawa da sanyi ba sai su ji gari ya kaure da ƙarar abubuwan fashewa a farkon Nuwamba, daga nan kuma biki na bin biki har Fabrairu. Don Allah a warware mana su dalla-dalla: me ake yi, me ake ci, kuma me baƙo ya kamata ya kiyaye?

Baban Walida:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kafin a zo kan biki a fara da agogo, don shi ne ke fara rikita mutum. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya. Lokacin zafi agogonsu ɗaya ne da na Najeriya da Nijar, amma daga wannan rana sai mu riga su da awa ɗaya, har Lahadin ƙarshe ta Maris. A tsakiyar Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, wunin gaba ɗaya bai cika awa takwas ba, a arewacin Sikotlan kuma ya fi haka gajarta. Mai sallah zai ga Azahar da La'asar da Magariba sun matso kusa da juna ƙwarai, sai ya tsara aikinsa da wuri.

Na faɗi wannan ne don a gane dalilin da kusan duk bukukuwan nan wuta ce a tsakiyarsu, ko fitila, ko abinci mai nauyi da kitse. Bukukuwan duhu da sanyi ne.

Malamin Tarihi:
Ƙarar da Hajiya take magana a kai ta daren 5 ga Nuwamba ce. A 1605 wasu 'yan ɗariƙar Katolika su goma sha uku suka ƙulla makircin tarwatsa majalisar dokoki ranar buɗe ta, lokacin da Sarki James na Ɗaya da manyan ƙasa za su hallara. Sun yi hayar wani ɗaki a ƙarƙashin zauren majalisar dattawa, suka jibge gangar albarushi 36, suka rufe da itace. Wata wasiƙa marar sa hannu da aka aika wa Lord Monteagle, ana gargaɗinsa kada ya halarci zaman, ita ta tona asiri. Aka bincike ginin cikin dare, aka kama Guy Fawkes yana gadin gangunan. A farkon 1606 majalisa ta yi dokar da ta wajabta yin godiya kowace 5 ga Nuwamba, kuma ba a soke dokar ba sai 1859. Doka ta tafi, biki ya zauna.

Ɗanlami:
Malam, wato Guy Fawkes shi ne shugaban tafiyar ke nan? Don sunansa kaɗai ake ji.

Malamin Tarihi:
A'a, Ɗanlami, nan mutane da yawa suke kuskure. Shugaban shi ne Robert Catesby. Fawkes soja ne ɗan garin York da ya yi yaƙi a ƙarƙashin tutar Sifen, an ɗauko shi ne saboda ya san albarushi. Catesby ya gudu, aka harbe shi kwana uku bayan haka a wani gida a yankin Staffordshire. Fawkes shi aka kama dumu-dumu, shi ya sa sunansa ya rufe na kowa. An kashe shi ranar 31 ga Janairu, 1606. Har yau kafin sarki ya buɗe majalisa, dogaransa masu jajayen kaya sukan zaga ƙarƙashin ginin da fitilu, duk da cewa yanzu al'ada ce kawai.

A da yara kan cusa tsummoki da jarida cikin tsofaffin kaya su yi mutum-mutumi, su tura shi a baro suna roƙon kwabo, da dare a ɗora shi kan tsibin wuta. Roƙon kwabon ya kusa ɓacewa, amma ƙona mutum-mutumin yana nan.

Baban Walida:
Bari in shiga ɓangaren da ya shafi lafiya da doka, don nan ake samun matsala. A Ingila da Wels ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba kayan wasan wuta, kuma haramun ne a kunna su a kan titi ko dandalin jama'a. Daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe ba a kunnawa, sai dai daren 5 ga Nuwamba an ɗaga zuwa 12, daren sabuwar shekara da Diwali (bikin fitilu na 'yan Hindu) da sabuwar shekarar Sin kuma zuwa ƙarfe 1. Sikotlan ta fi tsanantawa, a Ireland ta Arewa ma sai da lasisi. Kowane kwali yana ɗauke da tazarar da 'yan kallo za su bayar. Ƙanana yawanci mita 8, manya mita 25, kuma akasarin filayen da ke bayan gidajen birni ba su kai mita 25 ba. Mutum ya sayi babba ya kunna a ƙaramin fili, rokar ta bugi katanga ta dawo cikin jama'a.

Wanda aka kunna bai tashi ba, ba a koma masa. Lagwaninsa yana iya ci a hankali ya fashe daidai lokacin da aka sunkuya a kai. Sandar tartsatsin nan da ake ba yara, wadda ake ganin ba ta da illa, ita ce ta fi ƙona su, domin ƙarfen yana nan da zafi bayan ta mutu. Ba a ba yaron da bai kai shekara biyar ba, a sa safar hannu, a kunna ɗaya bayan ɗaya, a ajiye bokitin ruwa a tsoma kowace da zarar ta ƙare. Ba a zuba fetur ko kananzir don tayar da tsibin wuta, tururinsa ne ke kamawa kafin itacen.

Sai bushiya. A wannan lokaci take neman wurin kwanciyar hunturu, tsibin itace kuma ɗaki ne a wurinta. Shi ya sa ake cewa a tara itacen a wuri ɗaya, ranar kunnawa a kwashe shi zuwa wani wuri, sannan a kunna daga gefe ɗaya don in akwai wata dabba ta sami hanyar fita.

Yaya Talatu:
Baban Walida ya yi bayani mai kyau. In ƙara da cewa bikin ba ɗaya ba ne a ko'ina. A garin Lewes da ke kudancin Ingila ƙungiyoyin unguwanni ne ke fitowa jerin gwano da tocilan wuta, suna ɗauke da gicciye 17 masu ci da wuta, don tunawa da 'yan Furotesta 17 da aka ƙona a garin tsakanin 1555 da 1557. A Ottery St Mary da ke Devon kuma ganga ce ake shafe cikinta da kwalta, a cinna mata wuta, mutum ya saɓa ta a kafaɗa ya ratsa cikin taro da gudu, hannunsa naɗe da buhu. 'Yan garin kaɗai ake bari su ɗauka. A Ireland ta Arewa ba a cika yin 5 ga Nuwamba ba, tasu wutar ta daren 11 ga Yuli ce, kuma tana da nasaba da rikicin ɗariƙa da siyasa, don haka baƙo ya iya bakinsa a kanta.

Hajiya Mai Tanda:
Ni ɓangaren ciki zan taɓa. Abin da yara ke riƙewa a daren nan shi ne tuffa mai rigar alewa. Ga tuffa takwas: sukari giram 400, ruwa mililita 100, ƙaramin cokali ɗaya na binega, da babban cokali huɗu na ruwan sukari mai kauri ko zuma. Abu na farko, a zuba wa tuffar tafasasshen ruwa na ɗan lokaci a goge ta tas ta bushe, saboda ta kanti tana da kakin da aka shafa mata, in ba a cire ba alewar za ta zame ta taru a ƙasa. A soka tsinke mai ƙarfi ta wajen hancin. A narka sukarin a wuta kaɗan, da zarar ya narke a daina juyawa, don juyawa ke sa ya koma tsakuwa-tsakuwa. A bar shi ya kai digiri 150. In babu ma'auni, a ɗiga kaɗan a ruwan sanyi: in ya daskare ya karye ƙas, ya yi, in yana lanƙwasawa, da saura, kuma in aka yi gaggawa zai riƙa manne wa haƙori. A tsoma, a juya, a ajiye kan takardar gashi. Ranar ake cinyewa, in ta kwana sai ta yi gumi.

A yankin Yorkshire kuma akwai kek ɗin citta da hatsin ot da baƙin maɗi, sunansa parkin. Ba a cinsa ranar da aka gasa, sai an kulle shi a gwangwani kwana uku zuwa mako ya yi laushi da danƙo.

Ummu Sadiƙ:
Allah ya saka da alheri. To jan furen nan da ake gani a ƙirjin masu karanta labarai da rigunan 'yan ƙwallo a Nuwamba fa?

Malamin Tarihi:
Na tunawa da sojojin da suka mutu ne. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsaya ƙarfe 11 na safe, ranar 11 ga watan 11, 1918, kuma irin furen nan ne ya tsiro a filayen dagar Beljiyam da Faransa. Ana yin shiru na minti biyu a daidai wannan lokaci, ko a kanti ko a tashar jirgi, sai baƙo ya tsaya shi ma ya kashe ƙarar waya. Babban taron kuma ranar Lahadi ta biyu ta Nuwamba ne a titin Whitehall da ke Landan. Ba farilla ba ne a sa furen, na takarda ne ana ba da sadaka a ɗauka. Ranar ta shafe mu, don kakanninmu sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82. Najeriya ma a da 11 ga Nuwamba take yi, daga baya aka mayar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Hajiya Mai Tanda:
Yanzu mu zo kan fudin ɗin Kirsimeti, wani kek mai nauyi da ake turarawa, wanda a ganina shi ne ya fi nuna halin girkinsu: abu ne da ake dafawa mako biyar kafin a ci. Ranar Lahadin ƙarshe kafin makonni huɗu na shirin Kirsimeti ake kwaɓa shi, kowa a gidan ya zo ya juya da muciya sau ɗaya ya yi fata a zuciyarsa.

Ga kwano mai cin lita 1.2, wanda zai ishi mutum takwas: busasshen inabi da sauran busassun 'ya'yan itace giram 450, kitsen ƙoda giram 100, garin busasshen burodi giram 100, fulawa giram 50, baƙin sukari giram 150, ƙwai 2, tuffa ɗaya a goge, ɓawo da ruwan lemon zaƙi ɗaya da na lemon tsami ɗaya, sai ƙaramin cokali ɗaya da rabi na haɗin kirfa da kanumfari da citta da gyaɗar miya. A jiƙa 'ya'yan itacen su kwana cikin ruwa mililita 150. Su giya suke sawa, amma baƙin shayi mai ƙarfi da ya huce ko ruwan lemo yana yin aikin.

A haɗa komai, a shafa wa kwanon man shanu, a sa 'yar takarda a gindinsa, a zuba a danna, a bar tazarar yatsa biyu a sama. A rufe da takardar gashi da foyil, amma a yi musu ninki a tsakiya kamar kalmasar zane, don fudin zai kumbura, in babu ninkin sai murfin ya yage ruwa ya shiga. A ɗaure da zare a ƙarƙashin leɓen kwanon sosai, a yi masa mariƙi da zaren. A kifa ƙaramin faranti a gindin tukunya a ɗora kwanon a kai, kada ya taɓa ƙarfen tukunyar ya ƙone ta ƙasa. Ruwa ya kai rabin kwanon, ya riƙa tafasa a hankali awa bakwai zuwa takwas. Duk bayan awa ɗaya a duba a ƙara ruwa, kuma tafasasshe, don ruwan sanyi yana katse dahuwa ya sa fudin ya yi nauyi kamar dutse. Tsawon turarawar nan ne ke mayar da shi baƙi, wanda aka sauke a awa huɗu zai fito ja-ja ba ɗanɗano. In ya huce a canza masa sabuwar takarda. Ranar biki a sake turara shi awa biyu.

Ɗanlami:
Hajiya, me ya sa lallai sai kitsen ƙoda? Man shanu ko bota ba za su yi ba?

Hajiya Mai Tanda:
Za su yi, ɗana, amma ba za su ba da abu ɗaya ba. Kitsen da ke kewaye da ƙodar saniya ko tunkiya yana da tauri, ba ya narkewa da wuri. Kafin ya narke ƙullin ya riga ya fara kama jikinsa, sai kitsen ya bar 'yan ramuka, fudin ya yi sakayau. Bota tana narkewa tun farko, ta jiƙe fulawa, abin ya fito da maiƙo. A karɓo kitsen a wurin mahauci, a cire yanar da jijiyoyin, a sa a firiza ya daskare, a goge shi da magogi, a barbaɗa masa fulawa kada ya dunƙule. A kantunan can akwai na kayan lambu a kwali. Wanda ya rasa duka, ya daskarar da bota ya goge.

Baban Walida:
Hajiya, a nan ina da ja. An ce a maye giya da shayi, to, amma kada a ce kuma a ajiye shi mako biyar a kabad kamar yadda suke yi. Giyar da yawan sukarin ne suke hana shi lalacewa, ga kuma ɗakin ajiyarsu da sanyi. In aka cire giya, aka kuma yi shi a gari mai zafi, fumfuna zai yi.

Hajiya Mai Tanda:
Gaskiyarka, Alhaji, na tsallake wannan. Marar giya a sa shi a firij a ci cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko a naɗe shi da kyau a jefa firiza, a fito da shi kwana ɗaya kafin a sake turarawa. Kunna masa wuta a teburi ma da giya ake yi, don haka wannan ɓangaren sai a bar shi.

Wani abu kuma: a al'ada ana ɓoye sisi na azurfa a ciki, irin sisin da iyayenmu suka kashe zamanin fam da sule, wanda ya same shi a rabonsa an ce zai yi arziki a shekarar. In za a sa tsaba a tafasa ta, a naɗe ta da takardar gashi, a sanar da kowa kafin a fara ci saboda haƙori da yara, kuma kada a kuskura a ɗumama fudin mai tsaba a na'urar ɗumama abinci ta lantarki.

Yaya Talatu:
Ranar 25 ga Disamba kanta, abin da ke ba mutanenmu mamaki shi ne shirun gari. A wurinmu Kirsimeti ranar fita ce, a je coci, a kai wa maƙwabta shinkafa da nama, yara su yi yawo da sababbin kaya. Can ranar kulle ƙofa ce da iyali. Jiragen ƙasa ba sa aiki, a Landan bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa duk suna tsayawa, kuma dokar 2004 ta hana manyan kantuna buɗewa a Ingila da Wels. Wanda bai yi cefane ranar 23 ko safiyar 24 ba zai sha wuya, wanda kuma aka gayyata cin abinci ya san yadda zai je ya dawo tun kafin ranar.

A kan teburi, gefen kowane faranti akwai wani naɗin takarda mai kama da babbar alewa. Mutum biyu ke ja, kowa ya riƙe gefe, ya fashe da ƙara, wanda babban ɓangaren ya zo hannunsa shi ke da abin ciki: hular sarauta ta takarda, ƙaramar kyauta, da 'yar takardar barkwanci. Wani mai sayar da alewa a Landan, Tom Smith, shi ya ƙirƙiro shi a shekarun 1840. Ana sa hular a ci abinci da ita, har kaka da kakan gida. Ƙarfe uku na rana kuma a saurari jawabin sarki, wanda George na Biyar ya fara ta rediyo a 1932, aka fara nuna shi a talabijin a 1957.

Ga 'yan uwa Musulmi da aka gayyata: ƙananan tsiran da aka naɗe da siririn nama na alade ne ciki da waje, abin da ake cusa wa talotalo, babban naman ranar, shi ma sau da yawa da alade a ciki, wani lokaci har a shimfiɗa shi a ƙirjin talotalon. Ƙananan kek ɗin da ake kira mince pie, masu suna kamar na niƙaƙƙen nama, babu nama a cikinsu yanzu, busassun 'ya'yan itace ne, sai dai akwai kitse, sau da yawa da giya. A gaya wa mai gida tun ranar gayyata. Ba sa jin haushi, sun saba tambayar abin da baƙo ba ya ci, abin da ke ɓata musu rai shi ne a faɗa bayan an zuba abinci.

Hajiya Mai Tanda:
Talotalo kuma matsalarsa biyu ce: ƙanƙara da bushewa. A firij yana bukatar awa 10 zuwa 12 ga kowane kilo kafin ya saki, wato mai kilo biyar ya haura kwana biyu. In aka gasa shi da sauran ƙanƙara a ciki, waje zai yi ja ciki ɗanye. Mai kilo biyar zuwa shida a ba shi kamar minti 40 kowane kilo a digiri 190. A soki cinya inda ta fi kauri, ruwan ya fito garau ba ja. Ƙirji yana riga cinya nuna, shi ya sa ake rufe shi da foyil sai minti talatin na ƙarshe. In an sauke a bar shi ya huta aƙalla rabin awa, in aka yanka da zafinsa romon zai tsiyaye a faranti naman ya zama kamar auduga.

Ɗanlami:
Mu dai 'yan ƙwallo Boxing Day muka sani, 26 ga wata. Na ji ana cewa daga dambe sunan ya fito.

Malamin Tarihi:
Ba ruwansa da dambe. Daga akwati ne. Masu aikin gida da masu kawo saƙo da 'yan koyon sana'a suna aiki ranar Kirsimeti, washegari sai a ba su akwatin kyauta ko kuɗi su tafi wurin iyalansu. Wasu kuma suna danganta shi da akwatin sadakar coci da ake buɗewa a raba wa mabukata. Dokar hutun bankuna ta 1871 ce ta mayar da shi ranar hutu a Ingila. Al'adar ba ta mutu gaba ɗaya ba, har yanzu wasu gidaje suna ba mai kawo wasiƙa da masu kwasar shara ɗan alheri a ƙarshen shekara.

A kiyaye kuma, Birtaniya ba Ingila kaɗai ba ce, kuma ɗan Sikotlan ba ya son a kira shi Ba'ingile. Majalisar Sikotlan ta soke hutun Kirsimeti a 1640, kuma bai zama ranar hutu ba a can sai 1958. Sama da shekara ɗari uku mutane suna zuwa aiki ranar 25 ga Disamba, shi ya sa ƙarfin bikinsu ya koma daren sabuwar shekara, wanda suke kira Hogmanay, har 2 ga Janairu ma hutu ne a wurinsu. Bayan ƙarfe 12 na dare, wanda ya fara taka ƙofar gida shi ke kawo sa'ar shekara. An fi son dogon namiji mai baƙin gashi, kuma ba ya shiga hannu rabbana: ya riƙo dunƙulen kwal, gishiri, biskit ɗin bota ko baƙin kek, da abin sha. Kwal ɗin ɗumi ne, gishiri da kek ɗin kuma abinci. A garin Stonehaven mutane suna wulwula ƙwallayen wuta a kan sarƙa suna bin titi, ƙarshe su jefa su cikin teku.

Baban Walida:
Tunda an shiga Sikotlan, sai a faɗi daren 25 ga Janairu, ranar haihuwar mawaƙinsu Robert Burns a 1759. Abokansa ne suka fara walimar a 1801, shekara biyar bayan rasuwarsa. Abincin daren shi ne hagis, kuma duk Bahaushen da ya san kayan ciki ba zai ga baƙon abu ba. Zuciya da hanta da huhun tunkiya ake dafawa, a bar maƙogwaron yana rataye a bakin tukunya don dattin huhun ya fita, a niƙa su, a haɗa da gasasshen hatsin ot, kitsen ƙoda, albasa, gishiri, masoro da romon dahuwar. A cusa cikin tumbin da aka wanke aka jiƙa a ruwan gishiri ya kwana. Rabi da ɗan kai ake cikawa, domin hatsin yana kumbura. A ɗinke, a tsattsaga da allura, a dafa kamar awa uku a ruwan da ke motsi kaɗan. In ruwan ya yi tafasa mai ƙarfi tumbin zai fashe ya zama fate. Na kanti dafaffe ne, ɗumamawa kawai ake yi, a naɗe shi da foyil tukuna don ko ya fashe kada ya watse.

Ana shigo da shi a faranti mai busa algaitarsu ta salka yana gaba, kowa ya miƙe, a karanta masa waƙar da Burns ya yi masa, a daidai wani baiti mai karatun ya zare wuƙa ya farke shi. Ana ci da dakakken dankalin Turawa da wani rawayan tushe mai ɗan zaƙi. Saboda huhun nan ne Amurka ta hana shigar da na asali tun 1971. A duba kwali kafin a saya, wasu kamfanoni suna sa kayan cikin alade. Akwai na kayan lambu, akwai kuma mahautan halal da ke yin nasu.

Ummu Sadiƙ:
Ikon Allah, wannan ai ɗan uwan dambun kayan ciki ne. Saura ranar fanke da Yaya Talatu ta taɓa ambata mini.

Yaya Talatu:
Ita ce Talatar da ke gaban azumin kwana arba'in na Kirista, kwana 47 kafin Ista. Ba ta da tsayayyen kwanan wata saboda Ista da wata take tafiya, tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, don haka Talatar takan zo a Fabrairu ko farkon Maris. Asalinta a cinye ƙwai da madara da mai kafin a shiga azumi. Kalmarmu ta fanke daga sunan abin nan ta fito, amma nasu ba ya da yis kuma ba a tsoma shi a mai, falle ne siriri kamar takarda. A garin Olney mata suna tseren yadi 415 da kasko a hannu, da ɗankwali da rigar girki, sai an wulla fanken sama a farkon tsere da ƙarshensa.

Hajiya Mai Tanda:
Awonsa mai sauƙin riƙewa ne: fulawa giram 100, ƙwai 2, madara mililita 300, ɗan gishiri. Zai ba da falle goma zuwa sha biyu. A yi rami a tsakiyar fulawar, a fasa ƙwan, a zuba kashi ɗaya cikin uku na madarar a buga har ya yi sumul tukuna, sannan a ƙara sauran. Wanda ya juye madarar gaba ɗaya zai yi ta fama da gudaji. A bar ƙullin ya huta minti 30, in ba haka ba fanken zai yi tauri kamar roba. Kasko ya yi zafi sosai, mai kuma shafawa kawai da takarda, in ya yi yawa ƙullin ba zai bazu ba. Ƙaramin ludayi ɗaya, a karkata kaskon nan take ya zagaye. Minti ɗaya, gefe ya fara ɗagowa, a juya, rabin minti a sauke. Na farko yakan lalace don kaskon bai daidaita ba, kada a ƙara fulawa saboda shi. A matsa lemon tsami, a barbaɗa sukari, a naɗe a ci da zafinsa.

Ɗanlami:
Hajiya, in madarar gari ce a hannu fa?

Hajiya Mai Tanda:
Babban cokali huɗu a ruwa mililita 300, a dama ta narke sarai kafin ta taɓa fulawa. In mai sukari ce a rage wuta kaɗan, don tana saurin ƙonewa.